Darasin da Muka Raina Ya Nemo Hoton Mijin Inna

"Wallahi shi ne!" Inna ta dafa fuskar kwamfutata, hawaye na zuba.

Daga Gabukka dattijuwar nan ta zo laburarenmu neman hoton marigayi mijinta cikin tsofaffin jaridun da muka zuba a kwamfuta. 'Yar manhajar da na rubuta ta zaƙulo shi kafin ta gama shan ruwa.

Ta ce, "'Yata, jikokinsa ba su san fuskarsa ba."

Mu ne fa, muna ɗalibai, muka kai ƙarar malamin da ya tilasta mana koyon kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, wai mu 'yan laburare ina ruwanmu. Allah ya saka masa da alheri, ya yafe mana.

Ku wane darasi kuka raina ya yi muku rana?