Tsohon da Ya Fi Kaset Dogon Numfashi

Na daɗe ina ɗinki a kasuwar Diffa, kuma duk tsawon shekarun nan zana ɗaya ce ta raba rumfata da ta Barau mai kaset. Saboda haka in na ce na san shi, ba a bakin wani na ji ba, kunnuwana ne suka sha wahalarsa. Daga hantsi har la'asar rediyonsa na kuka, wannan ya ce a sa masa kalangu, wancan ya ce wa'azi, ni kuma ina taka keke ina yi masa tsaki. Sunana Hamidu tela. Allah ya sani ina son mutumin nan, sai dai ban taɓa gaya masa ba, don kansa zai kumbura.

Barau ɗan Damagaram ne. Ya iso Diffa a farkon shekarun casa'in a bayan motar kaya, rungume da wata rediyo mai baki biyu, irin wadda ake sa kaset mai waƙa a ɗaya, a kwafe a ɗayan. Dogo ne siriri, da kunnuwa fato-fato kamar an yi masa su don sana'ar. In rediyon wani ta tauna masa kaset, Barau zai naɗe zaren da biro, ya liƙe inda ya tsinke da jan farcen matarsa Dije, ya miƙa wa mai shi yana cika baki kamar wanda ya yi aiki a asibiti.

Abin da ya fitar da sunansa ya faro ne ranar da aka yi shelar rasuwar wani babban mawaƙi na ƙetaren iyaka. Kafin azahar sojoji da ma'aikata da 'yan kasuwa sun cika rumfarsa, kowa na son muryar mamacin, ga shi kaset ɗin da ke gare shi bai taka kara ya karya ba. Ya yi ta kwafa har rediyon ta yi zafi, masu saye suka gaji suka watse. Daga ranar Barau ya ce ba za a sake yi masa ba-zata ba.

Sai ya koma sauraron tsofaffin mawaƙa da wani irin kunne. Ba ruwansa da abin da waƙar ke faɗi, inda mai waƙar ke jan numfashi yake bi. In ya ji wanda a da yake kai dogon baiti da numfashi ɗaya ya fara yanka shi biyu, ko ya fara sakar wa 'yan amshi aikin, sai ka ga Barau ya gyaɗa kai. Zai aika Maiduguri a kawo masa kaset marasa komai, ya kwafe waƙoƙin mutumin, ya jera a wani kwalin sabulu, ya tura ƙarƙashin tebur ya jira.

Ba a daɗe ba kwalin ya fi mai shi suna. A teburin mai shayi, kafin a tambayi farashin tattasai sai an tambaya, "Barau, wa ke cikin kwali bana?" Malamai suka yi masa faɗa, suka ce gaibu sai Allah. Shi kuwa ya dafa ƙirji ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban ce wane zai mutu ba. Cewa na yi kaset ɗinshi zai yi kasuwa."

Wani lokaci ya dace, sau da yawa kuma ya kuskure, amma mutane dacewar kawai suke riƙewa. Na sha gaya masa cewa wannan ba ilimi ba ne, in ka nuna tsoho ka ce zai tafi, ai wata rana dole ka yi gaskiya. Sai ya ce hassada ce irin ta teloli. Abin dai bai cuci kowa ba, tunda duk waɗanda ke shiga kwalin mutanen nesa ne, a rediyo kawai muka san su, kuma ba su san da wani Barau a duniya ba.

Har aka zo kan Baba Ajimi.

Baba Ajimi mai algaita ne, Babarbare, a Gagamari yake zaune nan kusa da gari. Daga Maine har Bosso, da ƙauyukan da ke ƙetaren kogin Komadugu, ba a cewa an yi biki in ba a ji algaitarsa ba. Matan da ya busa wa ranar aurensu sun yi jikoki, ya kuma busa wa jikokin. Yana ɗan noman shinkafa a bakin kogi, amma algaitar nan ita ce abincinsa, ita ce kuma sunansa.

Wata rana gidan rediyo suka sa wani busa nasa da suka je har gida suka ɗauko. Ina ɗinka aljihu na ji Barau ya ƙara murya, ya kafa kunne. Busan na tafiya sai ya yanke, aka ji tari, ya ɗauka ya sake yankewa. Barau ya leƙo ta saman zana ya ce mini, "Hamidu, ka ji abin da na ji? Ƙirjin nan ya gama aiki." Na ce masa ya rufa wa kansa asiri, wannan ba mutumin rediyo ba ne, mutum ne da ke sayen goro a kasuwar nan. Bai ji ba. A makon nan ya cika kwali da Baba Ajimi, kuma da aka tambaye shi a wurin mai shayi, bakinsa bai iya riƙewa ba.

Magana zarar bunu ce. Ta bi masu amalanke ta shiga ƙauyuka, kuma ba wanda ya ɗauke ta da mugunta, tausayi ne ya yi ɓarnar. Lokacin an sayar da tattasai, kuɗi ya shiga hannu, bukukuwa sun kankama, amma duk mai biki sai ya ce, "Kar a wahalar da tsoho, a bar shi ya huta." Maimakon a kira shi, sai a zo wurin Barau a yi hayar lasifika, a sa kaset ɗin Baba Ajimi a yi rawa. Shi kuma yana zaune a ƙofar gida yana jiyo busansa daga nesa. Masu zuwa wurinsa sai 'yan dubiya, da ƙwaryar kunu da fuskar tausayi, suna ce masa sannu. Haka lokacin biki ya kusa wucewa ba wanda ya aiko masa da goron gayyata.

Ran wata Talata, kasuwa ta cika, sai ga tsoho a ƙofar rumfar Barau da algaita a rataye, matarsa Ya Fanna na biye. Gajere ne, da kumatu sakakku irin na masu busa. Ya Fanna ce ta fara magana, da Hausarta mai nauyin Barbarci.

"Kai ne ɗan Damagaram mai sa mutane a kwali?"

Barau ya miƙe yana gyara hula, ya haɗa har da gaisuwar Barbarci. "Sannu da zuwa, Iya. Baba, wushe. Ga wuri ku zauna."

"Ba zama ya kawo mu ba. Tari ka ji a rediyo, ko?"

"Na ji, Iya."

"Ranar da mutanen rediyo suka zo, mi muke yi a tsakar gida? Tattasai muke ɗurawa a buhu. Ni na yi tari, mai riƙe da na'ura ya yi tari, har akuya ta yi atishawa. Ko jinjiri a bakin kogin nan ya san tarin tattasai, sai kai."

Rumfar ta ɗauki dariya, ni ma na dara har na soki yatsa. Duk wanda ya tashi a kwarin nan ya san yadda ƙurar busasshen tattasai ke shaƙe maƙogwaro. Da mun saurari busan da kanmu da mun gane, amma ba busan muka saurara ba, Barau muka saurara. Shi kuwa baƙo, ko da ido makaho ne.

Barau ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini. Bakina ne."

Sai a lokacin tsohon ya yi magana, a hankali. "Na yafe, yaro. Amma yafiya ba ta kiran mutum biki. Kunnen da ya ji na mutu, shi zai ji ina nan. Kawo sabon kaset ka sa a rediyonka ka ɗauka. In na tsaya kafin shi ya tsaya, bar ni a kwali, ba zan sake busa ba."

Dariya ta ɗauke. Barau ya ce, "Baba, fuska ɗaya ta kaset doguwa ce fa." Tsoho ya ce, "Ni ma na kwana biyu." Barau ya ɓare ledar kaset ɗin. Ya sa wa rediyo sabbin pil, wato batura, ya danna.

Mai algaita yana tara iska a kumatu yana busa da ita, a lokaci guda yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa. Na sha gani a biki, amma ban taɓa tsayawa na kalla da kyau ba sai ranar. Kumatun Baba Ajimi suka cika tam, algaita ta tsaga kasuwa. Masu kifin Bosso suka bar kwandunansu, mata masu nono suka matso, wani soja ya kashe babur ya tsaya. Zufa ta jiƙe wuyan rigar tsoho, jijiyar goshinsa ta tashi, amma sautin na nan a miƙe. Ya Fanna ta naɗe hannu tana kallon jama'a ɗai-ɗai, musamman waɗanda suka kai musu kunu.

Ni Barau nake kallo. Idonsa na kan zaren kaset da ke raguwa a bayan gilashi, leɓunansa na motsi. Mutumin da ya yi shekaru yana son a ce ya faɗa ta tabbata, ga shi yau yana roƙon Allah ya ƙaryata shi. Tausayinsa ya kama ni, kuma a ranar na san ban yi asarar maƙwabci ba.

Can sai muka ji ƙas, rediyo ta tsaya. Tsoho bai tsaya ba. Ya ɗaga algaita sama ya juya ya kama hanyar layin 'yan tattasai yana busa, jama'a na biye, mata na guɗa. Sai da ya zagayo ya dawo ƙofar rumfa sannan ya sauke, ya nemi ruwa. Kafin ya gama sha, Alhaji Grema dillalin tattasai ya kama hannunsa ya ce auren ƙanensa ranar Juma'a ne, kuma ba ya son jin lasifika.

Daga ranar Barau ya kafa doka: ba ya ba da hayar lasifika a sa kaset ɗin mutumin da ke da rai a Gagamari. Mai so ya je ya ɗauko shi. Bai daina sauraron numfashin mawaƙa ba, hali zanen dutse, amma in aka tambaye shi wa ke cikin kwali, sai ya ce sabulu. Kwalin Baba Ajimi kuwa ya ci gaba da zama a ƙarƙashin tebur. Duk Talatar da tsoho ya shigo gari sai ya biyo, ya ƙwanƙwasa shi da sanda ya ce, "Masu jirana, kuna lafiya?" Sannan ya zauna Barau ya sayo masa shayi.

Shekaru suka yi ta tafiya. Faifan sidi ya shigo, bayansa wayar hannu, samari suka koma zuwa a tura musu waƙa a waya. Barau ya yi furfura, ya koyi sabuwar sana'ar yana gunaguni, rediyo mai baki biyu ta koma wurin ajiye alluraina. Aka wayi gari ko kyauta ka ba mutum kaset sai ya tambaye ka inda zai sa shi. Baba Ajimi kuwa yana nan yana cika kumatu a bukukuwa.

Wata Talata ya ƙwanƙwasa kwalin kamar kullum, sai ya ce, "Yaro, ba ni su. Na samo musu aiki." Barau ya ɗora masa a amalanke ba tare da tambaya ba. Da shinkafa ta fara nuna, tsoho ya aiko mu je mu ga gona, muka hau babur ni da Barau muka tafi.

Tun daga nesa muka hango gonar na walƙiya. Ya zare zaren kaset ɗin nan kaf, ya ɗaure a kan sanduna daga wannan kunya zuwa waccan. Iskar kogi na kaɗa shi yana ƙyalli yana wani siririn kuka, tsuntsaye na zuwa su yi sama su koma gonar maƙwabta. Barau ya tsaya baki buɗe, sannan ya fashe da dariya har da hawaye.

Baba Ajimi ya kama kunnensa ya karkato shi wajen zaren ya ce, "Saurara da kyau, kai mai kunne. Wannan numfashin, saura kwana nawa?"

Barau ya share ido ya ce, "Baba, kunnen nan ya yi ritaya."

Mun so mu zauna a yi hira, amma tsoho ya ce mu yi haƙuri, mu ci abinci wurin Ya Fanna kafin mu koma. Ya rataya algaitarsa ya nufi bakin ruwa, inda wani kwalekwale ya daɗe yana jiransa. Ana ɗaurin aure a ƙetare, kuma sun ce ba za a fito da amarya ba sai ya iso.