Ƙafar Sarzan

Shekarar da aka fara ɗibar soja a Adar don yaƙin Nasara, wani gardi, dogarin Nasara, daga Madawa ya zo garinmu, kusa da Tama, neman samari. Babana ya roƙe shi ya bar ni sai an gama yankan hatsi. Gardin ya sauko daga doki, ya tuɓe wa tsoho rawani, ya zane shi da bulala a gaban mata masu dawowa daga rijiya. Ina ɗaure da igiya ina kallo.

Bayan mun ƙetare teku, da aka ji gidanmu mahauta ne, jini ba ya tayar mini da hankali, sai aka sa ni asibitin soja mai bin bayan mayaƙa. Yau tanti, gobe makarantar da aka gudu aka bari. Likita ɗaya ne mai fiɗa, wani siriri da ya fi shan taba da cin abinci. Mu ne masu dafa wuƙaƙe, mu danne mutum in maganin barci ya ƙare, mu fita da bokiti mu binne abin da aka yanke. In harbi ya matso mu naɗe tanti, mu loda masu rauni a kamiyo, babbar motar kaya, suna nishi.

Wata safiya aka shigo da wani sarzan baƙar fata, ƙafarsa ta dama ta ragargaje, har ta fara wari. Ina yanka masa wando na gane shi. Gardin nan ne, ashe shi ma ya shiga soja. Da ya ji Hausa a bakina sai ya riƙe hannuna.

"Ɗan'uwa, don Allah ka ce mishi kada shi yanke."

Na faɗa wa likita yadda ya ce, ban rage ba. Likita ya shinshina, ya ce ko ƙafa ko rai. Wannan ma na mayar masa, a hankali, ina kallon idonsa. Maganin barci kaɗan ya rage ran nan, bai kai shi ko'ina ba. Ni na hau ƙirjinsa. Da zarto ya kama ƙashi na sunkuya kunnensa na ce, "Ni ne ɗan tsohon da ka tuɓe ma rawani kusa da Tama."

Bayan nan babu wanda na yi wa jinya kamarsa. Na wanke masa mikin, na ba shi ruwa, na kore ƙuda. Tsoron ruwan yake yi kada na sa masa guba, amma ƙishirwa ta sa ya sha. Likita har yabona ya yi. Ni kuwa ba na son ya mutu a ƙasar da ba a san abin da ya yi ba. So nake ya koma Adar a gan shi.

Ya koma kuwa. Da aka sallame mu, na tarar da shi a bakin kasuwar Madawa, da sanduna biyu, yana sayar da goro. Na je gida na ɗora babana kan jaki, na kawo shi har gabansa. Tsoho ya daɗe yana duban ƙafar wandon da aka naɗe, sannan ya yi masa sannu, ya ce mu tafi, rana na yi. Sannun nan ta ƙona mini rai, muka kama hanyar gida.

Da sarzan ya mutu ina Madawa. Na ji ana kiran jana'iza, na ci gaba da fiɗar akuyata.