Fitilar da Ba Ta Ganin Kakata

Ban taɓa tsanar abu marar rai ba sai fitilar nan.

Shekarar da na gama sakandare a Rano aka kawo wa ƙauyenmu Kahu wutar sola, daf da zaɓe. Wasu baƙin ma'aikata suka ɗora faranti a kan rufinmu, suka maƙala fitila a kowane ɗaki. Ba ta da makunni. A ƙasanta akwai wani ɗan ido: in ya ga motsi sai ta kama, in motsi ya ɗauke na ɗan lokaci sai ta mutu, wai don kada batir ya ƙare a banza. Kawuna, wanda ya yi ta zarya har aka sa gidanmu a ciki, ya riƙa shigo da abokansa yana ɗaga mata hannu kamar mai tsayar da mota.

Ɗakin kakata ba taga, ko da rana duhu ne. Ita kuwa tun da jikinta ya shanye, ba abin da ke motsi sai leɓɓanta da yatsu biyu a kan carbi. Idon bai ɗauki wannan a bakin motsi ba. Tana tsakiyar wuridi fitila za ta mutu. Kaza in ta leƙo, sai fitilar ta kama.

Wata la'asar na kai mata kunu. Ina ɗaga labule haske ya watsu, na tarar da ita ido biyu, kumatunta jiƙe.

"Ke take gani," ta ce. "Ni ta riga ta binne ni."

Na sami Kawu a zaure.

"Kawu, a cire wa Kaka fitilar nan."

"Har ke da kika yi boko? Tattalin wuta take yi. Inna ta riƙa ɗan ɗaga hannu mana."

"Wane hannun?"

Ya ƙara muryar rediyonsa.

Kwana uku ina zaune gefenta ina kaɗa mafici, ba don zafi ba, sai don in shaida wa wata roba cewa akwai mutum a ɗakin. A na huɗu na kifa turmi, na taka, na fizgo ta har da ƙusarta. Na jefa ta bayan turken awaki. Na aro fitilar ƙwai a maƙwabta, na goge ƙwan da bakin mayafina, na kunna.

Kawu bai sake amsa gaisuwata ba sai bayan girbin dawa. Kaka kuwa a ranar ta kai ƙarshen carbinta tana ganin yatsunta.