Uwar da Ta Kau da Kai a Fosta

Aikina na farko da wata ƙungiyar agaji a Jimeta fosta ce ta rigakafi. Gwajin wata uku suka ba ni: in fostar ta yi aiki su riƙe ni, in ba ta yi ba in koma zanen katin biki da kalandar coci. Damuwarsu ita ce ba a kawo 'ya'yan fari allura a Yola Gari. Ni kuwa, da ɗanyen kai da sabuwar kwamfuta, na ɗauka aikin kwana biyu ne.

Na zana wata matashiya ta ɗaga jaririnta sama tana yi masa dariya, haƙora duk a waje. Kowa a ofis ya yaba. Shugabarmu, mace mai son a gama komai jiya, ta ce a kai wa masu bugawa. Ni na roƙi kwana ɗaya in nuna wa mata tukuna, kuma ba tawali'u ba ne, ƙarin yabo nake nema.

Wata ungozoma ta tara mini mata a tsakar gidanta, bayan babbar kasuwa. Na shimfiɗa fostar a tabarma. Matasan suka sunkuyar da kai. Sai wata tsohuwa da suke kira Dada ta ɗauki takardar ta kai kusa da ido, ta yi tambaya da Hausarta ta Yola wadda ba ta raba mace da namiji.

"Wannan yarinya, ɗan waye ya ɗauka?"

"Nata ne, Dada. Na fari."

"Na fari? Yana mishi dariya haka a gaban mutane? Ba shi da manya a gida ne?"

Iyayena daga kudancin jiha suka zo, kuma ni ce 'yar fari a gidanmu. Mamata takan ƙwala mini kira da cikakken sunana har maƙwabta su ji. Na sha jin ana kunyar ɗan fari, amma na ajiye abin cikin labaran hira. A ranar ce ungozomar ta warware mini: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, balle ta goya shi ta ratsa gari a ce tana rawar jiki a kansa. Wannan aikin kaka ne ko goggo. Ashe da uwa nake ta magana, alhali ba ita ke fita da yaron ba. Na ji kunya sosai, na naɗe fostata.

Na sake zane. Tsohuwa a gaba da goyo, uwa a baya ta kau da kai, katin rigakafi a hannunta. Shugabarmu ta daɗe tana kallo.

"Wannan uwar kamar dole aka yi mata. Masu ba mu tallafi murmushi suke so."

"Madam, ai ba masu tallafi za su kawo yaran ba."

Maganar ta fita kafin in kama ta. Ta cire tabarau ta ce, "To, a buga. In ranar allura na ji benci wayam, kin san hanyar gida."

Yau shekaru ke nan ina ba ƙungiyoyi shawara kan sababbin dabaru, na shiga taruka masu zafi, amma ban sake jin fargaba irin ta makonni ukun da na yi ina jiran ranar allurar ba. Abinci ma sai Mama ta tsaya a kaina.

Ranar allura na hau keke napep zuwa Yola, ina addu'a a zuci. Tun daga ƙofar ƙaramin asibitin na hango ɗankwalayen tsofaffi jere a benci, kowacce da jariri. Matasan iyaye na can gindin dalbejiya, suna kallon ko'ina ban da wurin. Da wani jariri ya tsala ihu, ɗaya daga cikinsu ba ta waiwaya ba, amma na ga ta matse bakin mayafinta.

Dada ce ta gane ni. Ta nuna fostar da ke bango da haɓa.

"Kai ne mai hoto ko? Yarinyan naka ya yi hankali yanzu."

Na zauna a ƙasa inda nake. Wayata ta yi ƙara, shugabarmu ce.

"Yaya benci?"

"Babu wurin zama, Madam. Ni ma a ƙasa nake."