Yatsun da ke Neman Birki

A taron masu keken ƙanƙara, can ƙolin dutsen Farellones, Rayén na jiran layinta, amma idonta ya kasa barin wani dattijo. Kowa da hular kwano mai sheƙi, shi kuwa hular ulu ce da tsohuwar rigar masu kai burodi. Kekensa irin na kowa ne, allunan sulɓi a madadin taya, sai dai yatsunsa na ta laluben hannun keken suna matse iska.

"Baba, ba birki fa!" in ji ta. "Karkata keken ake yi a tsaya."

"Haba yarinya, shekara arba'in ina gangara tudun garin Valparaíso a kan keke."

Ai da birki kake gangarawa, ta ce a ranta.

Ya tura ƙafa, ya sulale gangaren. Sai ga yatsun Rayén suna matse masa iska.