Dabaibayin Maigidana

Tun ina yarinya har na yi furfura, maigidana bai taɓa ɗaga mini hannu idonsa biyu ba. A fara rubuta wannan, tunda ni ban iya rubutu ba.

Da tsufa ya raba shi da kiwo, sai shanun suka bi shi cikin barci. Ido rufe zai zabura yana kora, yana kai duka da sandar da ba ta hannunsa: "Tare ta! Za ta shiga albasar mutane!" Wata rana yana ƙailula, hannunsa ya same ni a ido. Da ya farka ya ga kumburin, ya zauna bakin gado yana kuka.

Washegari ƙanena ya iso Bodinga daga Mandera.

"Yaya, ɗauko kayanki mu tahi."

"In tahi ina?"

"Gida mana. Sai ya kashe ki? Kowa na hwaɗin ya haukace."

"Da kowa ɗin nike kwana ɗaki guda? Sha ruwa ka koma."

Ɗanmu ya kai shi asibiti a Sakkwato, aka sa kansa cikin na'ura, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likita ya ce ba hauka ba ce. Ya ce kowane mai barci yana da dabaibayin da ke riƙe jikinsa kada ya bi mafarki, na maigida ne ya kwance, kuma har yanzu masana suna binciken dalili. Ya ba da magani, ya ce a raba mana shimfiɗa.

Magani ya sha. Shimfiɗa kuwa ban raba ba. Na dai sauke katifa ƙasa. In ya yi ihu, "Tare ta!" sai in ce, "Na tare, maigida, ta koma garke." Sau da yawa sai ya sauke hannu.

Bara ya rasu. Ina zaune cikin masu gaisuwa, wata maƙwabciya ta dafa ni ta ce, "Baiwar Allah, ai kin huta da mahaukaci."

Na tashi na ciro hoton ƙwaƙwalwarsa daga ƙasan akwati, na ɗaga shi a rana gaban mata.

"Zo ki nuna min haukar. Wa ya ce miki na gaji?"

Ta kalli hoton, ta kawar da kai. Ni ma ban san karanta hoton ba, amma mutumin na sani.

Kullum ina kukansa, kuma ba na ɓoyewa. Katifar tana nan ƙasa, kada wanda ya ɗaga mini ita.