Rabin Gaisuwa

Direban kai saƙo ya shigo shagon ɗinkinmu da kwali a kafaɗa, ga furfura a gemu, zufa ta jiƙa wuyan rigarsa. Yana ganin Inna, dattijuwa mai shagon, sai gwiwarsa ta nufi ƙasa. Da gani, a gidansu ba a gaida babba a tsaye.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Da ita kamfani ke auna lokacin da yake ɓatawa a kowace ƙofa.

Ya miƙe bai kai ƙasa ba, ya dire kwalin. "A gafarce ni, Inna, wayar ta nuna ja, lokacina ya ƙare."

"Ya iyalin, ɗan nan?" in ji Inna, tana laluben tabarau.

Motarsa ta riga ta sha kwana. Ni na amsa a madadinsa, "Lafiya lau," alhali ban sani ba.